Adaftar Almu

Suleja, 4 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Isiyaku mai gyaran rediyo, Funtuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Gwaggo Rakiya da duk mutanen gida. Yaya damina, yaya ƙafa? Mu nan alhamdu lillahi, sai kewar Inna da ta ƙi raguwa.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana tambayar wace ce. Umaima ce, autar Hajara ta Tudun Wadan Zariya. Mahaifiyar Inna da mahaifinka ciki ɗaya suke. Rabonka da ni tun ina famfarar haƙoran gaba. An ce kunnenka ya daina ɗaukar waya, shi ya sa na rubuto ta hannun Dauda direba, mai lodin Funtuwa.

Maganar yayana Almu ce. Ka san yadda Allah ya yi shi. Shekararsa arba'in yanzu, kuma har yau maganarsa ba ta wuce "Inna" da "ruwa" da "a'a" ba. Tun yana ɗan shekara bakwai, kullum bayan la'asar sai ya zauna gaban talabijin da gem ɗin nan da injiniya Bajapane ya ba Baba lokacin da yake tuƙa shi. Kaset ɗaya, wasa ɗaya. In ya yi awa biyu sai ya naɗe wayoyinsa da kansa, ya ci tuwo, ya kwanta. Da wannan Inna ta riƙe shi har ta koma ga Allah.

Bayan arba'in ɗinta na ɗauko shi zuwa Suleja, inda nake koyarwa a firamare. Ina haya a unguwa ɗaya da babban yayanmu Taufiq, mai aiki a Abuja. To, wajen kwashe ɗakin Inna, matan da suka taya mu sun tara tarkacen wayoyi sun ba masu jari bola, ashe har da adaftar da take ba gem ɗin wuta. Talabijin ɗin ta zo, gem ya zo, kaset ya zo. Ita kaɗai ce babu.

Kawu, mako bakwai ke nan ba mu da kwanciyar hankali. Da an yi la'asar sai ya haɗa komai, ya miƙa hannu inda adaftar take zama, ya ga wayam. Daga nan sai ya fita nema. Yana faɗawa ɗakunan maƙwabta yana leƙa bayan talabijin ɗinsu. Maman Grace da muke gida ɗaya ta yi haƙuri da mu ƙwarai, amma mai gidan haya ya fara magana. Sau biyu ana tsinto shi a kan titin Kaduna. Na ƙarshen wani ɗan acaba ne ya gane shi, ya kusa Tafa, yana tafe a gefen da manyan motoci suke wucewa, ya miƙi hanyar Zariya.

Yaya Taufiq ya ce in wata ya ƙare bai natsu ba, zai kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye bayan Lambata. Na bincika, mari ake sa musu a ƙafa a wurin. Ni ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Almu ba hauka yake yi ba, abinsa yake nema.

Inna ta sha cewa babu abin da yake cin wuta da zai gagare ka. Ka faɗa mini wace irin adafta zan nema, ko a ina take zan je.

Taka,
Umaima

*

Funtuwa, 8 ga Yuni

'Yata Umaima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa tana nan da halinta, in hadari ya haɗo ita take fara sanar da ni kafin gari ya sani. Gwaggonki tana gaishe ki. Allah ya ji ƙan Yaya Hajara, ya sa ta huta. Wato da adafta ba ta ɓata ba, da ba a tuna akwai wani Kawu a Funtuwa ba ke nan. Ba komai, mu masu gyara mun saba, sai abu ya mutu ake sanin ƙofarmu.

Na tuna gem ɗin, ɗan fari mai ratsin ja. Ya taɓa hawa teburina sau ɗaya a Sabon Gari, lokacin ina da gashi. Ki karanta abin da zan faɗa miki sau biyu.

Duk wanda ya ce miki ai bakin adaftarsa ya shiga, ki karɓe kayanki ki yi gaba. Shigar baki ba ita ce magana ba. Ki kifa gem ɗin, akwai 'yar takarda manne a ƙasansa. A nan Japanawan suka rubuta ƙarfin wutar da yake ci, da ɗan zanen da'ira mai alamar tarawa da ta ɗebewa. Cikin kowace adafta waya biyu ce, ja da baƙa. Adaftocin yanzu jar ce take zuwa tsakiyar baki, baƙar ta zagaye ta waje. Su kuwa kayan Japan na wancan zamani akasin haka suke, baƙa a tsakiya, ja a waje. In aka juya masa, kafin ki ƙifta ido ya ƙone. Saboda haka abin da takardar nan ta ce shi za ki bi, ko da duk kasuwar Suleja ta taru ta ce miki ba haka ba.

Ki nemi mai gyaran da yake da mita, ki sa ya auna a gabanki. Wanda yake gwada wuta da harshensa ko da ƙyasta waya, ki yi masa fatan alheri ki wuce.

Batun Taufiq kuwa, shi ne babba a ɗakinku, ni kuma ban ga halin da Almu yake ciki da idona ba. Ba zan sa baki daga nesa ba. Ke dai ki sami adaftar, sauran zai zo da sauƙi in Allah ya so.

Kawunki,
Isiyaku

*

Suleja, 13 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Gwaggo, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Ni lafiya lau sai gajiya. Almu ya rame, koko kaɗai yake karɓa, shi ma sai na zauna a gabansa.

Na karanta takardarka har na haddace. Kullum in na taso makaranta sai in sa gem a jaka in shiga kasuwa. Kowane mai shago yana da adaftar da bakinta ya shiga, kuma kowanne sai ya rantse. Wani har ya ɗauko reza zai yanke wayar tasa ya ɗan taɓa mu gani, na fizge kayana. Yanzu a layin masu kayan wuta in na doso sai in ji ana cewa ga Malama mai mita nan, kowa ya ɓoye harshensa. Ranar Asabar na je har Zuba. Ban samo komai ba, sai ma wayata da aka zare mini wajen hawa mota. In da wani saƙon gaggawa sai dai ta lambar Yaya Taufiq, na rubuta maka ita a bayan takardar nan.

Jiya Allah ya haɗa ni da wani mai gyara, sunansa Kelechi. A nan Suleja aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ban ce masa komai ba ya kifa gem ɗin, ya goge takardar da babban yatsa, ya ɗauko tabarau. Abin da ka faɗa shi ya faɗa, kamar tare kuka rubuta: baƙa a tsakiya. Ya ce irinta ta asali ba za a same ta ba ko a Legas, amma zai samo mai ƙarfin wuta daidai, ya juya mata baki yadda takardar ta ce, ya auna a gabana. Ranar Asabar mai zuwa zan karɓa.

Mun yi faɗa da Yaya Taufiq. Ya zo da kwaɗo, wai in riƙa kulle Almu a ɗaki in zan tafi makaranta. Na ce yayana ba akuya ba ne. Sai ya ce, "Ke adafta kike nema. Ni kuwa kullum a ofis jira nake a kira ni in zo in kwashe shi a kan kwalta." Ni ma tsoron nan yana cina, Kawu. Na karɓi kwaɗon na jefa a ƙasan akwati, na roƙi Maman Grace ta riƙa sa masa ido da safe.

Saura kwana huɗu. Na wanke masa shuɗiyar rigarsa, wadda Inna take sa masa ranar Juma'a.

Taka,
Umaima

*

Funtuwa, 15 ga Yuni

Umaima,

Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Kada ki sa wa gem ɗin nan adaftar Kelechi. Kada ki sa.

Yau da hantsi wani maƙwabci ya kawo mini fitilar caji, ba ni da adaftar da ta dace da ita, sai na buɗe cikinta na sauya wa wayoyin wuri. Ina cikin yi sai na tsaya cak. Hannuna ne ya tuna abin da kaina ya manta. Adaftar da Bajapanen ya bayar ta ƙone tun makon farko, don wutarmu ta fi tasu ƙarfi. Babanku ya kawo mini gem ɗin, Almu yana biye da shi yana kuka. Abin da nake da shi a shago ranar adafta ce mai ja a tsakiya. Maimakon in juya bakin adaftar, sai na buɗe gem ɗin na juya wayoyin cikinsa, don ya fi mini sauri. Na ɗaure, ya kama, suka tafi. Ban rubuta a jikinsa ba, ban faɗa wa kowa ba. Haka muke yi dukanmu a lokacin.

Takardar da ke ƙasansa ƙarya take yi yanzu, kuma ni na sa ta. Ja a tsakiya yake ci, irin adaftar da kika yi ta ƙi a kasuwa.

Na sa maƙwabcin nan ya kira lambar Taufiq, ya ce Taufiq ya ɗauka, ya kuma yi alkawarin zai faɗa miki. Ga wannan kuma ta hannun Dauda, gobe da safe zai taso. Ki rubuto mini da zarar ta same ki, hankalina ba a kwance yake ba.

Isiyaku

*

Suleja, 26 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Takardarka ta sha biyar ga wata jiya ta shigo hannuna. Giyar motar Dauda ce ta lalace a Tafa, takardar ta yi kwana tara a gaban mota a gareji. Ya ba ni haƙuri har da cire hula. Abin da ke cikinta kuwa na riga na sani.

Ranar Asabar ɗin na karɓo adaftar. Kelechi ya auna a gabana, komai daidai da takarda. Da aka yi la'asar na sa wa Almu shuɗiyar riga, ya haɗa wayoyinsa, na miƙa masa ita. Kawu, ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun Inna tana da rai. Ya sa, ya kunna, sai muka ji ɗan ƙara kamar an fasa gyaɗa, wari ya tashi. Ya ɗauki gem ɗin ya shinshina, ya dube ni. Daga nan ya fara buga kansa da bango. Ya fasa gilashin tagar Maman Grace da hannu, ya fita, maza uku suka kasa riƙe shi. Sai washegari aka samo shi.

Yaya Taufiq bai jira ƙarshen wata ba. Ranar Litinin ina makaranta ya zo da mota ya tafi da shi.

Ranar Talata na mayar wa Kelechi kayansa, na faɗa masa maganganun da daga baya na ba shi haƙuri a kansu. Ya kwance gem ɗin, ya daɗe yana kallon cikinsa. Sannan ya juyo mini da shi ya ce, "Anti, wannan ɗaurin ba na Japan ba ne. Wani ne ya shiga nan, kuma wallahi mutumin ya iya aiki." Na san teburi ɗaya kawai ya taɓa hawa. Na ji haushinka, Kawu, haushi mai tsanani, kuma har yanzu da saura. Na bi maganarka kalma kalma, na zama abin tsokana a kasuwa, ashe da na saurari mai reza da yanzu Almu yana gida.

Da na sami labarin kiran waya na tambayi Yaya Taufiq. Ya ce e, an kira shi yana cikin cunkoson Zuba, ya ji ana maganar jar waya da baƙar waya, ya ɗauka zancen wasan yara ne, ya manta.

Gem ɗin bai mutu ba. Wani ɗan abu mai ƙafa uku ne ya ƙone da wani a gefensa, Kelechi ya ciro irinsu daga tsohuwar rediyo ya sa. Ya mayar da bakin adaftar ja a tsakiya. Na gani da idona a talabijin ɗin shagonsa, wasan ya fito da kiɗansa. Ga gem yana aiki a ɗakina, mai shi babu.

Shekaranjiya na je ƙauyen. Daga Lambata sai da na hau acaba. Mai maganin ya ce wanda ya kawo shi kaɗai ne zai fitar da shi, haka ƙa'idarsu take. Daga bakin zaure aka bar ni na hango shi. Yana zaune a gindin bishiya, an aske masa kai, ga marin a ƙafarsa. Lokacin la'asar ne, yatsunsa suna ta motsi a kan cinyarsa.

Yaya Taufiq ya ce a bar shi ya yi wata uku a ga abin da hali zai yi. Ni ƙanwa ce, maganata ba ta wuce ƙofar falonsa. A dangin Inna kai kaɗai ne babba namiji da ya rage. Ka ce ba za ka sa baki daga nesa ba. To hannunka ya riga ya shiga tun shekara talatin da uku, saura bakin. Ka rubuta masa. In ka ƙi, zan je in zauna a bakin zauren nan kullum har su gaji da ni, ko da aikina zai tafi.

Umaima

*

Funtuwa, 28 ga Yuni

Taufiq,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da aiki. Kawunka ne Isiyaku. Takardar nan biyu na rubuta iri ɗaya na ba direbobi biyu, don na daina yarda da giyar mota.

Abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan ba ciwon Almu ba ne ya tashi. Ni na ƙona masa abinsa, da aikin gaggawar da na yi tun kana firamare. Kai kuma an ba ka saƙon da zai hana, ka bar shi a Zuba. Mu biyu muka yi ɓarnar, shi aka ɗaure. Tun da na karanta takardar Umaima abinci ba ya mini daɗi, kuma ban ga dalilin da zai sa ya yi maka ba.

Na san tsoro ne ya sa ka, ba mugunta ba. Wanda ya taɓa ganin abin da tirela take yi wa mutum ba zai zarge ka ba. Amma uwarku ta riƙe yaron nan shekara arba'in, ita kaɗai, ba ta taɓa sa masa ko zare a ƙafa ba. Abin da ta riƙe shi da shi yana nan ɗakin ƙanwarka, yana aiki.

Ka je ka ɗauko shi ranar Asabar. Ka ba shi mako biyu a gida. In ya sake kama hanya, ni da kaina zan zo mu zauna mu nemi asibitin da ya dace, ba gindin bishiya ba. In kuwa Asabar ta wuce yana can, to ka shirya mini tabarma, zan sa a ɗora ni a motar Dauda da ƙafar nan, in zo in ji daga bakinka. Sai ka ɗaga murya, ka san kunnen.

Kawunka,
Isiyaku

*

Suleja, 8 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Gwaggo da kyau. Ka bar ƙafarka ta huta, ba sai ka zo ba.

Takardunka duka biyun sun iso rana ɗaya. Yaya Taufiq bai ce mini komai a kansu ba. Ranar Asabar da sassafe na ji hon a ƙofar gida, na fito, ashe shi ne, ya buɗe mini ƙofar gaban mota. Muka kama hanyar Lambata. Shi ya shiga, shi ya tsaya a kansu har aka kwance marin. Almu bai dube mu ba, ya shiga mota ya zauna.

Mun iso gida ana kiran la'asar. Na shimfiɗa masa tabarmarsa, na ajiye komai a inda ya saba. Ya daɗe yana kallon adaftar. Ya ɗauka ya shinshina, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ni dai na fita tsakar gida, don ba zan iya kallo ba. Ina tsaye wajen randa na ji kiɗan ya tashi. Maman Grace ta fito daga kicin da ludayi a hannu, muka tsaya muna kuka kamar wasu yara.

Yau kwana bakwai bai fita ba. Yana cin tuwo, yana naɗe wayoyinsa da kansa. Na sa Kelechi ya kankare tsohuwar takardar, ya rubuta da fenti a ƙasan gem ɗin cewa ja ce a tsakiya, ya kuma haɗa mini adafta ta biyu na ɓoye. Haushinka ya tafi, Kawu. Ka yafe mini kaushin harshe.

Abu ɗaya ne ban san yadda zan yi da shi ba. Kwana goma sha biyu kawai ya yi a can, amma har yanzu bai yarda an kwance shi ba. In zai tashi daga tabarma zuwa bayi, ƙanana ƙananan taku yake yi, ƙafa dab da ƙafa, daidai tsawon sarƙar. Na nuna masa, na buɗa ƙafafuna na yi taku a gabansa, ya kalle ni kawai.

Jiya Yaya Taufiq ya biyo daga aiki da man shafawa saboda gyambon idon sawun. Yana tsaye a bakin ƙofa Almu ya taso zai sha ruwa, ya wuce ta gabansa da wannan tafiyar. Yaya ya bi shi da ido har randa. Sai ya ajiye jakarsa, ya durƙusa a kan siminti da kayan ofis ɗinsa, ya kama ƙafar ya fara shafa man. Almu ya ce masa, "A'a." Bai saki ba, ya ce mini gobe ma zai zo.

Taka,
Umaima